Kaskar shanun mayanka: gwaji ya ce Rickettsia ce, amma wacce daga ciki?

'Yar Marusa

Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina ajin ƙarshe a sashen nazarin ƙananan halittu, aikin kammala karatuna kuma a kan kaska ne da ƙuma. Tun da damina ta sauka nake sammakon zuwa mayanka a nan Katsina, ina cire kaska a jikin shanu kafin a kayar da su. Galibi a hantsa nake samunta, da maraina, da ƙarƙashin wutsiya. Ƙuma kuwa a jikin kyanwoyin unguwarmu na tajo ta da mataji mai ƙananan haƙora. Duka na zuba a ƙananan kwalabe cikin sifirit mai ƙarfin kashi 70, aka kai wani ɗakin gwaji a wajen jiha, suka ciro DNA, suka yi PCR (gwajin da ke ninka guntun DNA) a kan yankin da ake kira 16S, suka turo min jerin haruffan.

To ga inda na maƙale. Da na sa jerin a BLAST, manhajar da ke kwatanta jeri da waɗanda aka riga aka sani, sai sunayen bakteriya suka jero min: Rickettsia africae, Rickettsia conorii, da wasu ma da ban taɓa ji ba, kowanne ya dace da nawa sama da kashi 99 cikin ɗari. Wanne zan rubuta? Wata ƙawata ta ce in ɗauki na saman kawai in wuce wurin, amma raina bai kwanta ba.

Sai tambaya ta biyu. Littafin da na samu a laburare ya ce Cowdria ruminantium ke kawo ciwon nan mai tara ruwa a jakar zuciyar dabba. Malamin da ke duba aikina ya ja layi da jan biro ya ce an daina wannan sunan. Wa ke sauya wa ƙwayar cuta suna, kuma da wace hujja? Don Allah a taimaka, lokacin miƙa aiki ya matso.

Malam Na-Ƙofar-Soro

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki bi shawarar ƙawar nan. Sunan da ya zo a sama a BLAST ba hukunci ba ne, sau da dama tsawon jerin da wani ya ajiye a GenBank, rumbun jerin DNA na intanet, ne ya ɗora shi can. Da abin da ke hannunki yanzu, iyakar abin da za ki rubuta da gaskiya shi ne "Rickettsia sp.", wato kin san gidan, ba ki san ɗan gidan ba.

Dalili kuwa yana cikin shi kansa 16S ɗin. Yanki ne na DNA mai haruffa kusan 1,500 da kowace bakteriya ke da shi, kuma yana sauyawa a hankali ƙwarai a tsawon zamani. Wannan nawar tasa ce ta sa Carl Woese ya dogara da irinsa a 1977 ya sake zana dangantakar halittu gaba ɗaya. Kamar tsagar gado yake: ki ga mutum ki ce wannan daga gida kaza ya fito, amma tsagar ba za ta gaya miki shi ne Sani ko Rabi'u ba. 'Yan rukunin zazzaɓi mai ɗige-ɗige a fata, inda africae da conorii suke, kusancinsu ya kai a 16S bambancin bai wuce 'yan haruffa ba. In kuma guntu aka karanta miki ba dukan tsawon ba, kamar yadda aka saba saboda tsada, ƙila ma haruffan da suka bambanta ba su shigo cikin guntun ba.

Abin da ake yi shi ne a koma wa yankunan da ke saurin sauyawa. Na farko gltA, wanda ke tabbatar miki lallai Rickettsia ce kuma ya nuna rukuni. Na biyu ompA, sai ompB da sca4. ompA da ompB su ke ƙera sunadaran da ke bayan fatar ƙwayar, inda garkuwar jikin dabba ke kai hari, don haka suna yawan canzawa, nan ne 'yan uwa ke rabuwa. A 2003 Fournier da abokan aikinsa a Marsel ta Faransa sun ba da ma'auni: kafin a ce wannan ƙwayar ita ce wancan nau'in da aka sani, ana neman dacewar da ta kai kashi 99.9 a gltA, da 98.8 a ompA. Dubi yadda na gltA ya matse. Kashi 99 da ya burge ki, a wannan gidan ba komai ba ne.

In kika tambaye ni hasashe, africae zan ce, muddin kaskar taki ita ce mai ado ɗin nan, Amblyomma variegatum, mai dogon baki, namijin da zanen ruwan lemo a baya, ƙafafu da zobba. Ita conorii an fi saninta da kaskar kare, Rhipicephalus sanguineus. Kuma an riga an gano africae a irin wannan kaskar a jikin shanun jihar Filato. Amma hasashe ba ya shiga babin sakamako, sai dai babin tattaunawa.

Labarin africae ɗin ma darasi ne a kan tambayarki. Shekaru masu yawa duk zazzaɓin cizon kaska a Afirka conorii ake ɗora wa, wadda aka fara bayyana cutarta a Tunis a 1910. Gwajin jini na garkuwa ba ya iya raba su, don garkuwar da jiki ya yi wa ɗaya tana kama ɗayar. Sai a 1992 Kelly da abokansa suka ware ƙwayar daga jinin wani majinyaci a Zimbabuwe, aka ga daban take, aka raɗa mata suna a 1996. Kuma ki tuna waɗannan ba irin E. coli ba ne da za ki shafa a faranti ki dawo gobe ki tarar ta tsiro. Ba sa rayuwa sai a cikin ƙwayar halitta mai rai. Renonsu sai a ƙwan kaza mai ɗan tayi ko a ƙwayoyin halittar da ake kiwo a kwalba, a ɗaki mai tsaro sosai. Shi kansa Howard Ricketts da aka ba gidan sunansa, cutar da yake bincike ce ta kashe shi a birnin Meziko a 1910. Shi ya sa DNA ya zame mana hanya, ba don gayu ba.

Abu ɗaya nake so ki faɗa min, don ya fi duk abin da na rubuta a sama muhimmanci: kaskar da aka niƙa, ta ƙoshi da jini ko ba ta sha ba? Kuma ɗaya-ɗaya aka niƙa su ko an haɗa?

'Yar Marusa

Na gode ƙwarai Malam, Allah ya ƙara ilimi. Mai adon ce mafi yawa, amma akwai wasu jajaye masu ƙafafu da ratsi da ban tantance ba. Manyan da suka cika tim na fi ɗauka don sun fi sauƙin kamawa. Na kowace saniya kwalbarsu guda, haka kuma aka niƙa su tare.

Malam Na-Ƙofar-Soro

To a nan sai kin yi taka-tsantsan da kalamanki. Kaskar da ta ƙoshi, yawancin abin da ke cikinta jinin saniya ne. In kika samu ƙwaya a ciki, ba ki san ko ta kaskar ce ko ta saniyar ce da aka zuƙo ba. Ga Rickettsia da sauƙi kaɗan, don africae a jikin kaskar take zaune, uwa na ba ƙwai, ƙwai ya ƙyanƙyashe da ita. Amma ranar da kika nemi Anaplasma ko Ehrlichia, bakteriyar da ke iya kasancewa a jinin saniyar kanta, wannan tambayar za ta tsaya miki a gaba. Saboda haka rubuta "an samu DNA ɗin ƙwaya kaza a kaskar da aka cire daga shanu". Kada ki rubuta "kaska kaza ce ke yaɗa ta", wannan magana ce da ke buƙatar gwajin da ba ki yi ba. PCR ma bai san rayayye da matacce ba, guntun DNA kawai yake ninkawa.

Haɗa su da aka yi kuma ya fi damuna. Masu ƙafafu da ratsin nan ina zaton Hyalomma ne, su kuma suna ɗauke da tasu daban, Rickettsia aeschlimannii, wadda aka fara warewa daga kaskar Maroko aka sa mata suna a 1997. In biyun suka haɗu a kwalba ɗaya, na'urar karanta haruffa za ta karanta su a lokaci guda. Ki nemi su turo miki hoton tsaunukan nan masu launi huɗu da na'urar ke fitarwa, ba haruffa kaɗai ba. Inda kika ga tsauni biyu sun hau kan juna, cakuɗe ne. In akwai sauran kaska a sifirit, ki ware su nau'i-nau'i a ƙarƙashin madubi tukuna, ki wanke bayansu, sannan a niƙa. Ki kuma tambaye su ko sun sa kwalbar ruwa zalla a cikin gwajin. In ba su sa ba, ba wanda zai iya rantsuwa cewa sakamakon da ya fito ba daga ƙurar aikin jiya ba ne.

Dokta Kusugu

Salamu alaikum. Malam ya gama da ta farko, bari in ɗauki ta biyu tunda a gonata ta faɗo. Ni likitan dabbobi ne a Daura, kuma da sunan Cowdria aka koyar da mu, har yau bakina kan suɓuce in faɗe shi.

'Yata, littafinki bai yi ƙarya ba, tsufa ya yi. Edmund Cowdry ne ya gano ƙwayar a Afirka ta Kudu a 1925, ya kira ta Rickettsia ruminantium. Daga baya aka ware mata gida nata aka sa masa sunansa, Cowdria. A wancan lokacin, da siffa ake rarrabewa: yaya take a madubi, wace ƙwayar jiki take shiga, wace dabba take kamawa. A 2001 Dumler da abokan aikinsa suka jera 16S da wani yankin mai suna groESL na dukan dangin, sai ga Cowdria zaune tsakiyar Ehrlichia, kusa da Ehrlichia canis ta karnuka. Sai ta koma Ehrlichia ruminantium. A wannan aikin dai aka haɗe wasu uku da ake ɗauka daban-daban ne, ta tumaki da shanu a Turai, ta dawaki, da ta mutane a Amurka, suka zama Anaplasma phagocytophilum guda. Kin ga inda 16S ke da ƙarfi ke nan: raba gidaje. Ba mutum ɗaya ke yanke hukunci ba. Masu bincike su kawo hujja, sunan ya fito a mujallar duniya da aka keɓe don sunayen bakteriya bisa ƙa'idojin raɗa suna, sannan ya zauna. Haka aka yi wa ƙwayar zazzaɓin Q: da Rickettsia burnetii ce, ta koma Coxiella, sannan DNA ya nuna ma ba danginsu ba ce sam, ta fi kusa da wata bakteriya mai suna Legionella.

Ni abin da ya sa nake bin wannan magana da sha'awa, ciwon kansa ne. Duk damina sai an kira ni a kan rago ko akuya da ta kwana lafiya, da safe tana zagaye wuri ɗaya, tana ɗaga ƙafa sama-sama in za ta taka, tana tauna ba komai a baki, can ta faɗi tana shure-shure. Mai ita ya ce iska ce ko ta ci guba. In aka buɗe sai ka ga ruwa fatsi-fatsi a jakar zuciya da ƙirji. Yadda muke tabbatarwa tun da can, a fasa kai a ɗebo ɗan ƙwaƙwalwa a murje tsakanin gilashi biyu, a rina da Giemsa, a nemi ƙwayoyin a bangon ƙananan jijiyoyin jini. Wato sai dabba ta mutu ake sanin abin da ya kashe ta. A jinin mai rai da wuya ka gan ta a madubi. PCR a kan yankin pCS20 shi ya ba da damar ganinta a jini da kuma a cikin kaskar. Tumakinmu na gida da suka tashi da kaskar sukan jure. Waɗanda suka fi faɗuwa su ne shanun madara na waje da 'ya'yansu, da dabbar da aka kawo daga busasshen wuri inda kaskar ba ta da yawa. Mutum ya zuba kuɗi ya sayo saniyar Turai, damina ɗaya ta raba shi da ita.

Ɗan Kara

Ni dai ban yi bokon kimiyya ba, harkar dabbobi nike tsakanin Mai'adua da Charanci. Amma in tambaya, don Allah: mi wannan dogon suna zai ƙara mani? Kaska dai kaska ce. Mu in mun gani mu cire, mu yi wanka da magani, in dabba ta yi zazzaɓi a yi mata allurar nan mai ruwan zuma. Ko an kira ta Cowdria ko an kira ta Hajiya, allurar ɗaya ce. Kuɗin gwajin nan da an saya wa makiyaya magani da ya fi.

Dokta Kusugu

Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. Allurar da kake nufi oksitetirasaikilin ce, kuma tana aiki a kan Ehrlichia da Anaplasma duka, in an yi da wuri. Amma kaska ba bakteriya kaɗai take kawowa ba. Saniyar da ke fitsarin jini, Babesia ce, ba bakteriya ba ce, maganinta daban. Ka yi ta zuba mata waccan allurar har ta mutu. Kuma kaska ba ɗaya ba ce. Akwai wadda ta shigo Afirka ta Yamma, Rhipicephalus microplus, an fara ganinta a Kwaddibuwa a 2007, ta bazu, an kuma tabbatar da ita a Nijeriya. Da ido kusan ba ka raba ta da 'yar uwarta ta gida, amma ta fi ta ɗaukar muguwar Babesia, ta kuma yi suna wajen jure maganin wanka. Ranar da ka ga maganin da ka saba da shi ya daina kashe kaska, irin aikin yarinyar nan ne zai gaya maka dalili. Ku da shanunku ke ƙetare iyaka ta Kongolam kowane mako, ku ya fi shafa.

Anti Nas

Ni ta ɓangaren mutane zan yi magana, a asibiti nake aiki cikin gari. Kullum sai mun ga mai zazzaɓi da ciwon kai, an yi gwajin maleriya babu, sai a yi gwajin Widal a ce taifot, a rubuta magani. Ya dawo bayan mako yana nan yadda yake. Ban ce duk kaska ce ba, Allah ya sani. Amma mahauci ko makiyayi ko mai kiwo a gida in ya zo da zazzaɓi, da wuya wani ya ce masa ɗaga riga mu gani. Alamar africae a bayyane take ga wanda ya nema: ɗan baƙin ɓawo a inda kaska ta ciza, jan da'ira kewaye da shi, wani lokaci fiye da ɗaya, ga kaluluwa a hantsa ko hammata. Su amoksisilin ba sa taɓa ta, dokisisaikilin ne maganinta, shi ma likita ne zai rubuta, ba a je kemis a saya ba. 'Yar Marusa, ke da kike shiga mayanka, ki riƙa duba jikinki in kin dawo, 'ya'yan kaskar nan ƙanana ne ƙwarai.

Tambayata ga Malam: ita ƙumar kyanwa fa, ba wanda ya taɓo ta.

Malam Na-Ƙofar-Soro

Gaskiyarki Hajiya, mun bar ta a baya. Ƙumar kyanwa, Ctenocephalides felis, abu biyu ake fara nema a cikinta. Ɗaya Rickettsia felis, wadda aka fara hangowa a ƙuma a Amurka a 1990. Ɗayar Bartonella henselae, mai kawo kumburin kaluluwa bayan yakushin kyanwa, don kashin ƙumar na maƙalewa a farcenta. Ƙumar ɓera kuma, Xenopsylla cheopis, ita ke da Rickettsia typhi, ita ce kuma mai ɗaukar Yersinia pestis ta annobar nan da Yersin ya gano a Hong Kong a 1894, wadda ta sake tashi a Madagaska a 2017.

Felis ta wahalar da masu rarrabewa. Tana da wasu halaye na rukunin typhi, wasu na rukunin su africae, har wasu suka ware mata rukunin tsaka-tsaki. Ita ce kuma misalin abin da nake ja wa ƙanwata kunne a kai. A Senegal da Kenya an same ta a jinin masu zazzaɓi, aka yi ta murna an gano ɓoyayyen dalilin zazzaɓin da ba maleriya ba. Daga baya aka same ta a jinin mutanen da lafiyarsu ƙalau. Har yanzu ana muhawara a kan yawan cutar da take jawowa. Ƙari a kan haka ƙuma na ɗauke da wasu 'yan uwanta na kusa, irin Rickettsia asembonensis da aka bayyana daga Kenya, waɗanda gwajin da bai zurfafa ba zai kira su felis.

'Yar Marusa

Na fahimta sosai, Allah ya saka wa kowa. Anti, in sha Allahu zan kiyaye. Malam, gaskiya kuɗin da ya rage min ba zai kai yankuna huɗu ba. In ɗaya zan iya biya, wanne? Kuma malamina zai karɓi "sp." kuwa, ba zai ga kamar aikin bai kammala ba?

Malam Na-Ƙofar-Soro

Ga kaska, ompA. Ga ƙuma, gltA, don 'yan rukunin typhi ba su da ompA mai aiki, na felis ma guntule ne, firaimomin da aka saba da su, wato guntayen DNA da PCR ke lalubo yankin da su, kan wuce ta ba su kama ba, sai ki ɗauka babu alhali akwai. Ki rage yawan samfurin ki inganta shi: kaska goma da kika san nau'in kowacce, da wurin da aka cire ta, da kasuwar da saniyar ta fito, sun fi kwalba hamsin ta gauraye. Mahauta sun san asalin kowace saniya, ki tambaye su. Ki ce a karanta miki jerin ta gaba da ta baya, ki haɗa, ki zana bishiyar dangantaka da manhajar MEGA, kyauta ake sauke ta, ki sa sanannun nau'o'i daga GenBank a gefe. In da ompA kaɗai kika tsaya, rubuta cewa jerin ya fi kusa da africae da kashi kaza, ki faɗi tsawon guntun da aka karanta. Malamin da ya ja layi a kan Cowdria ba zai ƙi "sp." ba.

Dokta Kusugu

In kin ware jajayen nan kika ga Hyalomma ne kuma kina son ƙari, raƙuman da ke shigowa Mai'adua daga Nijar cike suke da su, zan haɗa ki da yaran da ke aiki da ni su riƙe miki dabbar. Amma ki zo da safar hannu da hantsaki. Wannan kaskar ita ke ɗaukar bairos ɗin zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, kada ki kuskura ki fasa ta da farce yadda yara ke yi. Alhaji, kai ma da yaranka wannan ta shafe ku.

Ɗan Kara

To Dokta, an ji. Amma safar hannun ku za ku kawo.